Hawayen Remi da Zauren Gwarzo: Darasi ga Iyaye

 

Tambayoyi biyu ne iyayen yara suka fi yi mini a nan Jidda, musamman waɗanda suka yi zaman Nuzla da kewayenta. Ta farko: ya dace a bar yaro ya kalli katun ɗin da zai sa shi kuka? Ta biyu: yaya za mu yi da samarinmu da suka haddace labarin gidan kowane ɗan ƙwallo, wa ya aura, wa ya saka, nawa ya kashe? Ni a wurina tambayoyin nan biyu reshe ne na bishiya ɗaya. Dukkansu suna magana ne a kan yadda yaro yake koyon kallon ciwon wani. Kallon nan kuwa iri biyu ne, akwai na tausayi, akwai na son jin ƙwaf.

Abin da yaranmu suka taso suna kallo

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Saudiyya bayan shekarar 2000 ya san tashar Spacetoon. Yawancin fina-finan zanen da suka sa yara hawaye a cikinta a Japan aka yi su, aka mayar da muryoyinsu Larabci, da dama a cibiyar Zuhra da ke Dimashƙa. Akwai Remi, wanda aka yi a 1996 bisa littafin Hector Malot na 1878: yarinya ce da ta gano tsintar ta aka yi, ta bi tsoho mai wasan titi mai suna Vitalis, har mutuwa ta raba su. Akwai Sali na 1985, 'yar attajiri da mahaifinta ya rasu a Indiya, shugabar makarantarta a Landan ta mayar da ita 'yar aiki. Akwai Ahdul Asdiƙa na 1995, inda Romiyo ya sayar da kansa ga masu sharar bututun hayaƙi a Milan don a biya wa mahaifinsa likita, sannan amininsa Alfredo ya mutu. Kafin su duka akwai Marko na 1976, yaron Jenowa da ya tsallaka teku zuwa Ajantina yana neman mahaifiyarsa, wadda ta tafi aikatau wasiƙunta suka daina zuwa.

Ku sake duba labarin Marko. Uwa ta tafi wata ƙasa neman abin rufin asiri, ɗa ya zauna yana jiran saƙo. Iyaye mata nawa ne a cikinmu suke aiki a gidajen Jidda, 'ya'yansu suna Kano ko Maraɗi a hannun kaka? Daga ƙarshen 2021 kuma, da aikin rushe tsofaffin unguwanni ya taɓa Gulail da Karantina da Sabil da Nuzlatul Yamaniyya, yara da yawa sun wayi gari abokan wasansu sun watse, wasu sun koma wata unguwa, wasu sun koma gida Afirka. Yaron da ya ga wannan, idan ya yi kuka a gaban talabijin, sau da yawa nasa rashin yake kuka, Remi ta buɗe masa ƙofa ne kawai.

Shin kukan aibi ne?

Ban ga aibinsa ba matuƙar akwai babba a kusa. Kakanninmu ma da tatsuniyar marainiya da kishiyar uwa suka yi renonmu. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 84 ta Suratu Yusuf, ya ba mu labarin uban da idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, kuma wannan uba annabi ne. Suratud Duha, wadda yaranmu suke haddacewa tun suna ƙanana, tana tunatar da Manzon Allah (SAW) maraicinsa, sannan ta hana a ƙuntata wa maraya. Ya tabbata a Buhari cewa idanunsa sun zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya kuma bayyana wa Abdurrahman ɗan Aufu cewa wannan rahama ce. Haka ya tsaya ya yi wa ƙanen Anas, Abu Umair, magana mai daɗi a kan ɗan tsuntsunsa da yake wasa da shi. Bai raina damuwar ƙaramin yaro ba.

Saboda haka idan Mufasa ya mutu a fim ɗin Lion King na 1994 ɗanka ya fashe da kuka, kada ka ce masa namiji ba ya kuka, kada kuma ka kashe talabijin ka wuce. Zauna ka tambaye shi me ya taɓa zuciyarsa. Abin da za a kiyaye shi ne shekaru da lokaci: ɗan shekara huɗu ba ya ɗaukar abin da ɗan shekara goma yake ɗauka, kuma yaron da aka yi wa rasuwa kwanan nan a bar shi ya zaɓa da kansa.

Inda katun ya haɗu da ƙwallo

Mahaɗar tambayoyin nan biyu ita ce Kaftin Majid, wanda Yoichi Takahashi ya fara zanawa a 1981, ya zama fim a 1983. Masu kallo suna tuna Bassam, ɗan wasan gaba mai zafin rai. Daga baya ake nuna mana mahaifinsa ya rasu, yana rabon jarida don ya taimaki mahaifiyarsa da ƙannensa, sai haushin da muke ji ya koma tausayi. Suna kuma tuna Mazin, gwanin da yake buga wasa da ciwon zuciya. Darasin da yaro ya ɗauka mai kyau ne: bayan kowane gwarzo akwai gida, a gidan kuma akwai nauyi.

To amma akwai wani abu da ya biyo darasin a ɓoye. A katun, mai zane ne ya ɗauke mu ya shigar da mu ɗakin Bassam. Bassam ba shi da uwar da za ta ji kunya, ba shi da 'yar da za a yi wa gori a makaranta, domin tawada ce da takarda. Yaron da ya saba da haka, idan ya girma ya samu waya, sai ya ɗauka yana da irin wannan izinin a gidan ɗan wasa mai rai. Nan ne aikinmu yake.

'Yan wasan nan kuwa ba su da nisa da mu. A gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, mutum uku ne masu laƙabin Hausawi a tawagar Saudiyya: Usama, Umar da Mu'utaz. Usama ne ya ɗaura ƙyallen kaftin ranar 14 ga Yuni, lokacin da Rasha ta ci su biyar babu ko ɗaya. A wannan gasar Ahmed Musa ya zura wa Aisiland ƙwallo biyu, a shekarar kuma ya koma Al-Nassr ta Riyad. A 2023 Benzema da Kante suka zo Ittihad, Mahrez da Mendy suka zo Ahli, duk a nan garinmu. Waɗannan mutane suna da iyaye da mata da 'ya'ya, wasunsu danginsu suna sallah a sahu ɗaya da mu a Makka da Jidda. Saƙon da ɗanka ya tura a WhatsApp yana iya isa wayar goggon wanda ake magana a kansa kafin magariba.

Hikimar zaure

Bahaushe ya gina gidansa da zaure. Baƙo yana da haƙƙin zaure: a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa, a yi hira. Cikin gida kuwa sai wanda aka ce ya shigo. Aya ta 27 ta Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, ta 12 ta Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane da cin namansu, ta 6 kuma ta umarci a tantance labari kafin a yi aiki da shi. Babu ɗaya a cikinsu da ta cire shahararre.

Filin wasa shi ne zauren ɗan ƙwallo. Abin da ya yi a can namu ne, mu yaba ko mu soka. Kana iya cewa tsaron bayan Saudiyya ya yi rauni a gaban Rasha, wannan sharhi ne. Abin da ya fitar da kansa daga cikin gida ya kawo zaure, shi ma ya halatta mu amfana da shi. Sadio Mane da bakinsa ya faɗa cewa yana ɗan shekara bakwai mahaifinsa ya rasu, kuma ƙauyensu Bambali ba shi da asibiti, daga baya ya gina musu. Wannan labari ne da ya kamata kowane yaro ya ji. A watan Afrilun 2022 Cristiano Ronaldo ya sanar da rasuwar jaririnsa, ya roƙi a bar iyalinsa su yi jimami. Ranar 19 ga watan, magoya bayan Liverpool, abokan hamayyar ƙungiyarsa ta lokacin, suka miƙe a minti na bakwai suna tafa masa don ta'aziyya. Sun tsaya a inda aka tsayar da su, sun kuma ba da abin da ya dace.

Abin da ya rage, wato rikicin aure, takardar asibiti, hoton da aka ɗauka a sace, bashin da ake raɗe-raɗi, wannan cikin gida ne. Ko gaskiya ne bai zama namu ba, domin giba ai a kan gaskiya ake yin ta, idan ƙarya ce ta koma ƙage. Muslim ya ruwaito cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci, ya kuma ruwaito alkawarin sutura ga wanda ya suturta ɗan'uwansa.

Mu da muke zaman baƙunci mun fi kowa sanin darajar wannan sutura. Kowane gida a cikinmu yana da abin da ba ya so a kai kasuwa: maganar iƙama, aikin da ake yi ba a so a sani a gida, auren da ya mutu. Wanda ya koya wa ɗansa tonon gidan Benzema, kada ya yi mamaki ranar da yaron ya tona na maƙwabci.

Abin da nake ba da shawara

Na ɗaya, ku kalli katun ɗin tare da su, ko da kashi ɗaya a mako. Bayan an gama ku tambaya: wa muka sani da yake cikin halin Sali? Me za mu kai masa? Hawayen da bai kai ga aiki ba yakan bushe a banza.

Na biyu, ku koya musu tambayoyi uku kafin su tura labarin ɗan wasa: Shi ya faɗa da kansa? A fili abin ya faru ko a cikin gida? Da mahaifina ake faɗa wa haka, zan so a yaɗa?

Na uku, ku raba musu gwaninta da koyi. Ana iya son ƙafar mutum ba tare da an ɗauki rayuwarsa madubi ba. Idan gwarzon yaro ya yi abin kunya a bainar jama'a, a gaya masa aikin kuskure ne, a yi wa mai shi addu'ar shiriya, a rufe maganar.

Na huɗu, mu duba namu bakin. Yara suna jin hirar da muke yi bayan wasan Ittihad da Ahli, kuma ita suke kwaikwayo fiye da nasiharmu.

Allah ya raya mana zuriya a kan tausayi da kamun baki, ya haɗa kowace uwa da ɗanta cikin alheri, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Amin. Wassalamu alaikum.