Yadda Ake Ƙera Garmar Tura Ƙasa a Gaban Tarakta

Da an gama huɗa da haro, taraktoci da yawa gindin bishiya suke komawa su yi ta jiran wata daminar. Alhali da rani aikin turi ya fi yawa: ga hanyar gona da ruwa ya yanke, ga takin da ake so a tara wuri guda, ga fadamar shinkafa da ke son bajewa. Hayar katafila saboda irin waɗannan ayyuka ta fi ƙarfin ƙaramin manomi, kuɗin ɗauko ta a tirela kaɗai ya isa ya sa mutum ya haƙura. Garmar turi da mai walda zai ƙera a gaban tarakta tana toshe wannan giɓi. Bari mu ɗauki Massey Ferguson 375 mu yi misali da ita, tunda tana cikin waɗanda suka fi yawa a gonakinmu, mai ƙarfin doki 75 da injin Perkins.

Abin da za a sani kafin a taɓa ƙarfe

Irin wannan tarakta ba ta da shasi kamar babbar mota. Injinta da gidan kuloci da giyabos su ne ƙashin bayanta, an ɗaure su da juna da notuna, kuma ƙarfen zubi ne. Ƙarfen zubi yana ɗaukar nauyi, amma ba ya lanƙwasa. Bugu in ya yi yawa tsagewa yake yi. Wanda ya maƙala garma a hancin tarakta kawai, ranar da ta ci karo da kututture ko dutse, bugun a jikin inji zai sauka. Saboda haka dole a yi wa ƙarfin turin hanya ya wuce ta gefen inji ya isa aksil na baya, inda aka gina tarakta ta yi ja. Duk sauran aikin a kan wannan yake tsaye.

Awo

A fara da auna faɗin tarakta daga bakin tayar baya zuwa bakin ɗaya tayar. Dole garma ta fi wannan faɗi, in ba haka ba tayoyi za su riƙa hawa ƙasar da ba a share ba. A kuma tuna cewa karkata garma yana rage mata faɗi: mai mita 2.4 in aka karkata ta da digiri 30, abin da za ta share bai fi mita 2.1 ba. Tsayi kuwa santimita 60 zuwa 70 ya wadatar. Abin da ya wuce haka zai tare wa direba gani, ya kuma tara ƙasar da tarakta ba za ta iya turawa ba. Kafin a yanka komai, a fitar da siffar kowane yanki da kwali a gwada a jikin tarakta.

Kayan da za a nema

Faifan ƙarfe mai kaurin milimita 8 zuwa 10 domin fuskar garma. Bututu mai kusurwa huɗu, santimita 10 faɗi, mai kaurin milimita 6 ko sama, domin firam. Tsohuwar wuƙar gireda. Sandunan ƙarfe masu kaurin milimita 30 zuwa 40 domin fil. Notuna masu lamba 8.8 a ka. Jak ɗin haidirolik mai turi da ja, da tiyo da bawul. Yawancin waɗannan ana samun su na hannu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. A duba sandar jak da kyau: in ta yi tsatsa ko ta karce, za ta cinye roba ta riƙa yoyon mai.

Fuskar garma

Fuskar da ke a miƙe sak tura ƙasa kawai take yi, tarakta ta yi ta gunji. Mai ɗan lanƙwasa kuwa naɗe ƙasar take yi tana mirgina ta gaba, aikin ya yi sauƙi. Ana iya kai faifan wurin masu ƙera tankin ruwa su lanƙwasa shi a injinsu, ko a tsaga tsohon bututu mai faɗin kimanin mita guda a ɗauki ɓari. In tsohon tanki za a tsaga, wanda ya taɓa ɗaukar fetur ko gas kada a kusanta masa wuta sai gwani ya wanke shi ya cika shi da ruwa, domin tururin da ya rage ciki yana fashewa.

A bayan faifan a yi wa garma haƙarƙari: a yanka ƙarfe mai milimita 10 daidai da lanƙwasar, a jera a tsaye, tazarar santimita 40 zuwa 50. Sannan a ɗaure su da bututu biyu a kwance, ɗaya sama ɗaya ƙasa. A nan ne gaggawa ke ɓata aiki. Walda tana jan ƙarfe yayin da take hucewa. Wanda ya kama layi daga wannan baki zuwa wancan ba tsayawa, garmarsa za ta fito a karkace. A ɗiɗɗiga ko'ina tukuna, a duba da igiya ko ta miƙe, sa'an nan a riƙa yin gajerun layuka ana sauya wuri, dama da hagu.

Wuƙa

Wuƙar gireda ƙarfe ne da aka gasa ya yi tauri, walda tana sa shi tsagewa, don haka da noti ake ɗaure ta. Tana zuwa da hujojinta. A aza ta a ƙasan faifan a yi alama, a huda faifan daidai da ita. A bar ta ta zarce ƙasa da kamar santimita 5, ta kwanta kimanin digiri 55 da ƙasa. In baki ɗaya ya cinye, sai a kwance a juya ta. A ƙarshen garma dama da hagu a sa takalmi, wato ɗan faifan ƙarfe mai ɗagaggen baki da ake iya sauke shi ko ɗaga shi, shi ne ke hana wuƙa nutsewa fiye da yadda ake so.

Firam

A miƙa dogayen bututu biyu daga aksil na baya zuwa gaba, ɗaya ta kowane gefe. A baya a ɗaure su da faifai masu kauri da notuna. A gaba a rataye su a hujojin da kamfani ya riga ya yi domin ɗaura ƙarfen nauyi. Ba a yi wa jikin tarakta walda, ba a kuma huda shi. In ya zama dole a ɗiga walda firam yana jikinta, a cire kan batir tukuna. Da an ɗora, a murza sitiyari iyaka dama da hagu, a ɗaga ɗaya daga cikin tayoyin gaba, a ga babu inda ya goga. A bar wa makanike hanyar isa ga filta da notin juye mai.

Hannuwan turi su ne ke haɗa firam da garma. A kafa fil ɗinsu ƙasa-ƙasa domin su tsaya kusan a kwance lokacin aiki. In suka yi tsaye da yawa, garma za ta riƙa caka ƙasa tana ɗaga gaban tarakta. A tsakiyar garma a sa babban fil da za ta juya a kansa, da faifai mai hujoji domin kulle ta a miƙe ko a karkace. Fil ɗin kullewa ya zama ya fi kowanne sirantaka, da gangan: in an yi karo, shi zai karye ya fanshi saura. Waɗannan mahaɗai a gurza musu baki kafin walda, a yi amfani da sanda mai lamba 7018 busasshiya, domin wadda ta sha danshi tana barin ramuka a ciki.

Haidirolik

Jak mai faɗin ciki milimita 63, a matsin bar 170, yana tura fiye da tan 5, ya ishi wannan aiki har da saura. A kafa shi yadda garma za ta ɗagu santimita 40 ta kuma sauka 10 ƙasa da tayoyi. Haɗa bawul da famfon tarakta aikin makaniken da ya san ta ne. A sayi tiyo da aka rubuta ya ɗauki matsin da ya fi na famfon, a ɗaure shi nesa da salansa. Ba a neman yoyo da hannu: man da ke fita ta ƙaramar huda yana shiga ƙarƙashin fata, har ya kai ga yanke yatsa. A kara kwali a gani. A gaban lagireto a sa ragar ƙarfe saboda itace da duwatsu.

Gwaji da aiki

Garma da firam za su iya kai kilo 300 ko fiye, duk a gaba. A rataya garmar huɗa a baya ko a zuba ruwa a tayoyin baya domin su kama ƙasa. A fara gwaji a ƙasa mai laushi, da ƙaramin giya, ana yankar santimita 5 zuwa 10 a kowane wucewa. Bayan sa'a guda a tsaya a sake ɗaure notuna, a bi walda da ido, sannan a yi fenti, a sa wa fil giris. Duk lokacin da aka ajiye tarakta a sauke garma ƙasa, kada yaro ya shiga ƙarƙashinta.

Tarakta mai garma ba katafila ba ce. Tumɓuke kututture da fasa tsauri ba nata ba ne, kuma ɗaukar gudu a daki tudu shi ke karya ta. Wanda ya tsaya a iyakarta zai gyara hanyar gonarsa, ya baje fadamarsa, maƙwabta kuma su riƙa neman haya. Ba a fafe gora ranar tafiya: da an kammala girbi ya kamata a kai awo wurin mai walda, domin aikin rani ya samu garmar a shirye.