Ƙadangare da Danginsa: Wanne Ya Fi Dacewa da Kiwo?

Hausawa mutane ne masu son kiwo. Da wuya a shiga gida a Ikara, ko Maƙarfi, ko Kudan, ba a tarad da kaji, ko tantabaru, ko zomaye ba. Amma ba safai akan ga mai kiwon ƙadangare ba. A ƙasashen Turai da Amurka kuwa akwai mutane da yawa da suke kiwonsa don sha'awa kawai, kamar yadda akan ajiye aku ko kanari. A makaranta ma yaro yakan so ya ajiye ɗaya na 'yan kwanaki don ya lura da halinsa, gama abin da ido ya gani ya fi zama a zuciya bisa ga abin da kunne ya ji.

Masana sun ƙidaya irin ƙadangare fiye da 7,000 a duniya. Waɗanda aka fi sani a ƙasar Zazzau su ne guza, da damo, da hawainiya, da tsaka, da kulɓa, da ƙadangaren bango. Kafin yaro ya zaɓi ɗaya, sai ya yi wa kansa tambaya uku. Shin abincinsa zai samu kullum? Shin zai cuci mutum ko dabbobin gida? Shin shi kansa zai jure wa tsare? Wanda ya kama dabba ya ɗauki nauyin ranta, in ta mutu da yunwa a hannunsa alhaki yana wuyansa.

Guza

Guza shi ne babbansu duka, tsawonsa yakan kai ƙafa 6 ko fiye. Yana zaune a bakin rafi da fadamu, irin waɗanda ake noman rake a cikinsu a Maƙarfi da Kudan. Gwanin iyo ne, gwanin hawan itace. Yana cin kifi, da kwaɗi, da ƙaguwa, da ƙwai, da 'yan tsaki. In an matsa masa sai ya yi huci, ya kai bulala da wutsiya, ya yi yaƙushi, ya yi cizo, cizonsa kuwa yakan rure. Ɗansa yana da kyan gani, baƙi da ɗigon rawaya, shi ne ke ruɗin mutane su saye shi. A Jihar Fulorida ta Amurka waɗanda aka kai don kiwo sun gagari masu su, waɗansu suka tsere, waɗansu aka sake su, har suka hayayyafa a daji. Daga baya hukumar jihar ta hana ajiye guza don sha'awa. Abin da ya gagari manya, ina yaro zai kai shi?

Damo

Damo ya fi guza gajarta da kauri, tsawonsa kamar ƙafa 3 ne. Ba ya neman ruwa kamar guza, ya fi son saura da gindin suri. Abincinsa ƙadandoniya, da dodon-koɗi, da fara, da gyare, har da kunama. Da damina yakan ci ya yi ƙiba, ya tara kitse. In rani ya shigo sai ya shige rami ya kwanta, ya yi watanni ba ya cin kome, kitsen nan ke riƙe da shi. Ba banza Hausawa suke ce masa sarkin haƙuri ba.

Amma haƙurin nan shi ya jawo masa wahala. Ana farautarsa don nama, ana kuma neman fatarsa da ta guza don yin jaka da takalmi, da rufe ƙwaryar goge. An yi shekaru ana fitar da dubban 'ya'yansa daga Gana, da Togo, da Binin zuwa Turai da Amurka, da yawansu kuwa ba su daɗe a can, don ba a ba su irin abincinsu. A 1973 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar da ake kira CITES a birnin Washinton, don tsare dabbobin daji daga cinikin da zai ƙarar da su, Nijeriya kuma ta yi tata dokar a 1985. A ƙarƙashin yarjejeniyar nan ba a fita da damo, ko guza, ko hawainiya zuwa wata ƙasa sai da takardar izini. Ban da wannan, damo yana bukatar fili da ƙasa mai zurfi da zai haƙa. Akwatin ɗan makaranta ba zai ishe shi ba.

Hawainiya

Duk cikinsu babu mai ban sha'awa kamar hawainiya. Idonta ɗaya yana duban gaba, ɗaya yana duban baya. Harshenta ya fi jikinta tsawo, takan harba shi ta cafko ƙwaro kafin ƙiftawar ido. Launinta yana sākewa bisa ga zafi, da haske, da fushi ko tsoro. Ba ta da dafi, ko da yake mutane da yawa suna gudunta.

Duk da haka ita ce ta fi wuyar kiwo. Ba ta saba shan ruwa a kasko ba, sai raɓa da ɗigon da ke bisa ganye. Ba ta cin ƙwaro sai mai motsi. Ba ta son a taɓa ta, ba ta son zama da 'yar'uwarta. In an tsare ta sai ta yi duhu, ta ƙi ci, ta rame ta mutu. Wanda ya gamu da ita a shinge, ya tsaya ya more wa idonsa, sa'an nan ya bar ta ta wuce.

Tsaka da Kulɓa

Tsaka da dare take fita, ta laɓe kusa da fitila tana kama sauro da ƙananan ƙwari. A tafin ƙafarta akwai waɗansu gasu ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, su ne ke riƙe ta a jikin bango. Ƙwai 2 takan yi a lokaci guda, masu taurin ɓawo. An daɗe ana cewa tana da dafi, har tana sa kuturta. Likitoci sun tabbatar ba haka ba ne, wata ƙwayar cuta ce dabam ke kawo kuturta. Amma kashinta ƙazanta ne, in ya faɗa a abinci yana iya ɓata ciki. Mutanen ƙasar nan ba su ƙaunarta, malamai kuma suna kawo hadisi a kanta, saboda haka babu uban da zai yarda ɗansa ya ajiye ta. Da rana ma barci take yi, mai kiwonta ba zai ga kome ba.

Kulɓa kuwa santsi gare ta da ƙyalli, ita ma ba ta da dafi. Sai dai wuni take a ƙarƙashin ganye da duwatsu, in an kama ta kuma takan katse wutsiyarta ta tsere.

Ƙadangaren Bango

Saura ƙadangaren bango, wanda kowa ya sani. Babban namijin, mai jan kai da shuɗin jiki, shi ake kira jan gwada, tsawonsa kamar inci 12 ne. Macen ba ta kai shi girma ba, launinta kuma na ƙasa ne. Kowane jan gwada yana da yankinsa da matansa. In wani namiji ya shigo sai ya ɗaga ƙirji, ya yi ta gyaɗa kai, in baƙon bai gudu ba su gwabza da wutsiya. Da damina macen takan tona ɗan rami a ƙasa mai laima, ta saka ƙwai kamar 5 zuwa 7, ta binne. Zafin rana ne ke ƙyanƙyashe su bayan mako 8 zuwa 10. Wani masani da ya yi bincike a Ibadan, mai suna Vernon Harris, ya buga littafi guda a kan rayuwar wannan ƙadangare a 1964.

To, a auna shi da tambayoyin nan uku. Abincinsa gara, da tururuwa, da fara, ga su ko'ina. Ba shi da dafi, ba ya taɓa kaji. Ya saba da mutane, da rana kuma yake harkarsa. Ashe wanda aka fi rainawa shi ne ya fi dacewa.

Yadda Ake Ajiye Shi

A sami akwati mai tsawon ƙafa 3, a rufe bisansa da waya mai raga. A zuba yashi, a sa dutse da reshe, da murfin gwangwani na ruwa. Jikin ƙadangare ba ya yin ɗumi da kansa, sai ya sha hantsi kafin ya iya gudu ko narkar da abinci. Don haka a ajiye akwatin inda rabinsa ke rana, rabi kuma inuwa. In duka yana rana, zafi zai kashe shi. Kada a haɗa maza biyu. Kada a kama shi ta wutsiya, gama tana iya katsewa. Kada a kamo masa ƙwari daga gonar tumatir da aka yi wa feshi, domin maganin da ya kashe ƙwaro zai kashe wanda ya ci ƙwaron. Damina ta fi dacewa da wannan aiki, da hunturu ƙwari sukan yi wuya.

Akwai wata ƙwayar cuta mai suna salmonela a kashin ƙadangare, tana sa zawo da zazzaɓi. Duk wanda ya taɓa shi ko akwatinsa ya wanke hannu da sabulu. A nisanta akwatin daga randa, da madafa, da jarirai. Bayan mako 2 a mai da shi daidai inda aka kama shi.

Akwai kuma hanyar da ta fi wannan. A ajiye kaskon ruwa a gindin bangon makaranta, a riƙa watsa gara a wurin kowace safiya. Da ma an ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Ba da daɗewa ba zai saba, har ya riƙa saukowa in ya ga mai ba shi. Ta haka yaro zai ga faɗansa, da farautarsa, da sākewar launinsa tsakanin safiya da tsakar rana, abubuwan da akwati ba ya nunawa. Hannun da ya saba ciyar da ƙadangare kuwa ba zai ƙara ɗaukar danƙo ya harbe shi a banza ba.

Tambayoyi

1. Waɗanne tambayoyi uku ne yaro zai yi kafin ya zaɓi abin da zai kiwata?
2. Me damo yake yi da rani?
3. Don me hawainiya take da wuyar kiwo?
4. Me ya sa ake ajiye rabin akwati a rana, rabi a inuwa?
5. Ku kawo karin magana biyu da aka ambaci ƙadangare a cikinsu, ku faɗi ma'anarsu.
6. Ku lura da jan gwada ɗaya har kwana 7, ku rubuta abin da kuka gani.