Jarkar da Za Ta Shayar da Kajinki Ko Ba Kya Gida

Wadda ta taɓa dawowa daga unguwa a tsakiyar watan Afrilu ta tarar da kaskon ruwan kaji a kife, kajin sun saki fukafukai, baki buɗe suna haki, ta san abin da nake nufi. Kaza ba ta yin gumi. Da haki da shan ruwa take rage zafin jikinta, kuma mai yin ƙwai da ke shan kusan kwatan lita a sanyi tana iya kai rabin lita idan bazara ta kankama. Shi kansa ƙwan, kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikinsa ruwa ne. Ƙishirwar yini guda ta isa ta sa kaza ta ɗauke ƙwai na kwanaki.

Maganin yana cikin gidanki. Ki samo jarkar man gyaɗa mai lita 10 ko 20, da faffaɗan daro marar zurfi wanda jarkar za ta zauna a ciki da sauran fili a gefe, sai ƙusa babba. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, kananzir ko maganin feshi kuwa, kada ki kusance ta ko an wanke ta sau goma, don roba na riƙe dafi.

Ki ɗora jarkar a cikin daron, ki yi alama a jikinta kamar yatsa biyu ƙasa da bakin daron. Ki gasa ƙusa a wuta ki huda wurin, kaurin ramin ya kai na fensir. Iyakar inda ruwa zai tsaya ke nan. Idan kin huda sama da bakin daro, ruwan duka zai malale a ƙasa. Idan ramin ya yi ƙanƙanta, iska ba za ta shiga ba, ruwa ya ƙi fita. Sai ki toshe ramin da tsinke naɗe da leda, ki cika jarkar, ki ɗaure murfi tamau, ki zaunar da ita a daro, sannan ki zare tsinken. Za ki ji tana ɓulɓul, ruwa na taruwa, da ya rufe ramin sai ya tsaya cak. Kaji na sha ruwan ya ja baya, iska ta samu hanyar shiga, wani ruwan ya sauko ya cike gurbin.

A murfin nan aikin yake. Ta farko da na haɗa, na kwanta da murna, da asuba na tarar akurki ya zama taɓo, jarka ba ko ɗigo. Ashe murfin na da 'yar tsaga da ido bai gani ba. Muddin iska na shiga ta sama, ruwa ba zai tsaya ba. Tun daga ranar nake ninka leda biyu a bakin jarka kafin in murɗa murfi, kuma ina gwada kowace sabuwa a tsakar gida na awa guda kafin ta shiga wurin kaji.

Ki ɗora daron a kan bulo, bakinsa ya yi daidai da gadon bayan kaza, don kada su tona ƙasa da kashi su zuba ciki. Wurin ya zama a baje, ba gangare. Kuma lallai a inuwa: rana na ɗumama iskar da ke cikin jarka ta turo ruwa waje, ga shi kaji ba sa son ruwa mai ɗumi. A bazara nakan jiƙa buhun algarara in lulluɓe jarkar, ruwan ya wuni da sanyi kamar na randa.

'Yan tsaki nasu daban ne. Gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi da ƙaramin faranti sun isa, amma ki zuba tsakuwa a farantin, don ɗan tsako na iya mutuwa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba.

Kaji 10 a zafi za su shanye lita 20 cikin kwana huɗu, amma kada ki jira sai ta ƙare. Ki ɗauraye daron kullum da safe, jarkar kuma ki zuba mata 'yar tsakuwa da ruwan sabulu ki girgiza sau biyu a mako, ki ɗauraye sosai. Idan yatsanki ya ji santsi a ciki, ko kika ga gansakuka, to lokacin wanki ya wuce. Ranar rigakafin da ake ba su a ruwa, irin su LaSota da Gumboro, ki ɗauke jarkar, ki haɗa maganin a mazubi mai tsabta da ruwan da babu kulorin a ciki, daidai wanda za su shanye cikin awa biyu. Idan sun gama sai ki mayar musu da jarkarsu.