Rumfar Mota a Gida: Yadda Ake Kafa Ta da Kalmomin Aikin

1.0 Gabatarwa

Ni ɗan ƙabilar Gude ne daga ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu a Jihar Adamawa. Harshenmu da Hausa duk 'yan gidan Cadi ne, amma Hausata a kasuwa da makaranta na koye ta. Abin da ya jawo wannan maƙala kuwa wata asara ce da muka tafka a gida. Yayana ya sayi tsohuwar mota yana jigilar fasinja da ita, muka haɗu muka kafa mata rumfa cikin yini guda, muna ta yabon kanmu. Hadarin farko na watan Mayu da ya taso, sai iska ta ɗauke rufin gaba ɗaya. Falle ɗaya ya tsaga gilashin motar, wani kuma ya faɗa gidan maƙwabcinmu, daidai inda yara ke wasa da rana. Allah ya kiyaye abin cikin dare ya faru.

Da muka tashi sake ginawa, sai na zauna da magina da kafintoci ina tambaya ina rubutawa. Na fito da darasi biyu. Na farko, ba ruwan sama ne ke kayar da rumfa ba, iska ce da gara, don haka ƙarfinta yana gindinta da mahaɗanta. Na biyu, akwai Hausa mai yawa a bakin masu sana'a wadda ɗalibi ba zai tsince ta a aji ba. Wannan maƙala za ta kawo matakan aikin tare da kalmominsa.

2.0 Rumfa da Danginta

Rumfa ita ce inuwar da aka yi da rufi a kan sanduna, ba tare da an kewaye ta da bango ba. Jam'inta rumfuna. Tun kafin zuwan mota Bahaushe yana da kalmomin sassanta:

Dirka: icce mai baki biyu da ake kafawa a ƙasa ya ɗauki rufi.
Azara: tsagin giginya da ake ɗorawa a sama. Gara ba ta cika cin ta ba.
Tanka: siraran itatuwa ko kara da ake gittawa a ɗaure zana da su.
Zana: saƙar ciyawar gamba da ake shinge ko rufi da ita.
Tokara: iccen da ake dogara wa wani don kada ya karkace.
Daɓe: ƙasar da aka kirɓa ta yi tauri ta zama wurin taka ƙafa.

Rumfar mota ta zamani ba ta bar wannan tsari ba, kayan ne kawai suka sauya. Bututun ƙarfe ya maye gurbin dirka, katako ya maye azara, kwano ya maye zana. Tare da su kalmomin aro suka shigo, irin su siminti da kankare da kafinta da walda da fenti.

3.0 Zaɓen Wuri da Fuska

Mubi tana gindin duwatsun Mandara, kusa da iyakar Kamaru. Damina kan fara wajen watan Mayu ta kai Oktoba, kuma hadari daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙarfi a gabansa, musamman a farkon damina da ƙarshenta. Kuskurenmu na farko shi ne mun sa ɓangaren rufin mai tsawo yana kallon gabas. Iska ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi kamar laima.

Daidai shi ne rufin ya sunkuya wa gabas, wato gajerun sanduna a gabas, dogaye a yamma, mota kuma ta riƙa shiga ta kudu ko ta arewa. A guji wurin da ruwa ke kwanciya ko hanyar da yake bi in ya gangaro. A guji ƙarƙashin wayar lantarki da gindin tsohuwar bishiya. In rumfar za ta fito waje da katangar gida, to a fara tuntuɓar mai unguwa da hukumar da ke kula da tsarin gari, don kada a ci hanya.

4.0 Awo da Kafa Ginshiƙai

Ƙaramar mota ba ta cika wuce mita 5 a tsawo da mita 2 a faɗi ba. Saboda haka rumfa mai tsawon mita 6 da faɗin mita 3 ta wadatar, har a buɗe ƙofa a fita ba tare da an bugi sanda ba. Ana buƙatar ginshiƙai 6, uku a gabas, uku a yamma, da tazarar mita 3 a tsakani.

Don kusurwa ta fito daidai, magina suna da wata dabara. A auna ƙafa 3 a igiya ɗaya, ƙafa 4 a ɗayar, sannan a gyara su har tazarar da ke tsakanin alamomin biyu ta zama ƙafa 5 cif. Bayan an kafa turaku huɗu, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Awon biyu su zo ɗaya, wato kimanin mita 6.7.

Kowane rami ya kai zurfin santimita 60 da faɗin santimita 40. Mu a karon farko ƙasa kawai muka tura muka tattake, shi ya sa iska ta tuge sandunan kamar rogo. Abin da ya dace shi ne kankare: bokiti 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Yashin ya zama na kogi mai tsabta, irin wanda ake ɗebowa daga Yedzaram, domin yashi mai laka yana raunana kankare. In bututun ƙarfe ne, a sa mai walda ya gitta masa guntun rodi a gindi yadda kankare zai riƙe shi. In itace ne, a nemi mai tauri irin ƙirya ko azarar giginya.

Ginshiƙan gabas su tashi mita 2.2 daga ƙasa, na yamma mita 2.7. Wannan bambanci na rabin mita shi ne gangaren da zai sa ruwa ya sauka da sauri. A ɗaga kankaren ya ɗan yi tudu a gindin kowane ginshiƙi don kada ruwa ya kwanta a wurin. A riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana 7, kuma kada a ɗora masa nauyi kafin kwana 3.

5.0 Ɗora Katako da Buga Kwano

A nan ne karin maganar nan ke tabbata, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ana buƙatar aƙalla mutum uku. Da farko a ɗora manyan katakai biyu a kan jerin ginshiƙan, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, a ɗaure su da noti. A kansu a jera katakan da kafintoci ke kira tu-bai-fo daga yamma zuwa gabas, da tazarar kimanin mita 1. Sannan a gitta ƙanana, wato tu-bai-tiri, waɗanda za a buga kwano a jikinsu, da tazarar da ba ta wuce santimita 80 ba.

Ƙusa kaɗai ba ta riƙe rufi in iska ta ja shi sama, zarewa take yi. Maganin wannan shi ne langa-langa, wato siririn ƙarfen nan mai faɗi. A naɗe kowace mahaɗa da shi a buge ta ɓangare biyu, tun daga ƙaramin katako har zuwa ginshiƙi. Haka kuma a sa tokara a karkace tsakanin kowane ginshiƙi da babban katako, don kada rumfar ta riƙa rangaji.

Bandir ɗin kwano falle 20 ne. In gajeren kwano ne mai ƙafa 6, layi biyu za a yi, kuma bandir ɗaya da ƙarin falle biyu zuwa huɗu kan isa, gwargwadon faɗinsa. Araha ba ta ado: kwano mai laushi kamar takarda yakan yage a bakin ƙusa. Ga ƙa'idojin bugu:

1. A fara da layin ƙasa, wato na gabas, sannan na sama ya hau kansa da santimita 15 zuwa 20.
2. A gefe, kowane falle ya hau ɗan'uwansa da tudu ɗaya da rabi.
3. A buga ƙusa a kan tudun kwano, ba cikin kwarinsa ba, domin kwarin shi ne hanyar ruwa.
4. A yi amfani da ƙusa mai hula da roba, kuma a ƙara yawanta a baki-baki da kusurwoyi, inda iska ke fara ɓamɓara.
5. Kada leɓen kwano ya zarce katako da fiye da 'yan santimitoci.

Mai hawa sama ya taka inda layin ƙusa yake, ya sa safar hannu saboda kaifin kwano, kuma kada ya hau ranar da ake iska.

6.0 Kariya Daga Ruwa da Rana da Gara

Magabata ba su jahilci wannan fanni ba. Maginan Kano da Zariya kan shafe gini da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Bangon gabas ne suka fi ba kulawa, saboda shi ruwa ke duka. Hikimar ita ce dai har yau, a tare ruwa tun bai shiga ba.

Gara: a shafe kowane katako da maganin gara irin su Solignum kafin a ɗora shi, musamman bakin da aka yanka da zarto. Wasu kan yi amfani da baƙin mai saboda sauƙin kuɗi, amma kada a bari ya zuba kusa da rijiya. Kada katako ya taɓa ƙasa kai tsaye.

Tsatsa: a goge ƙarfe a shafa masa jan fenti na kariya, sannan a bi da fenti na biyu. Wurin walda ne ke fara tsatsa, don haka a fi mayar da hankali a can.

Yoyo: in an yi kuskuren huda kwano, a toshe da kwalta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Feshi da rana: a ɗaura zana a gefen gabas saboda feshin ruwa, a rataya asabari a yamma saboda ranar la'asar. Zana ta fi tamfol, domin iska na ratsa ta, tamfol kuwa tare iska yake yi har ya ja rumfar ya kayar.

Daɓe: a ɗaga ƙasan rumfar da santimita 10 zuwa 15 sama da tsakar gida, da marmara da tsakuwa, a kirɓa sosai. Ruwan da ke sauka daga rufin ba kaɗan ba ne. Rufi mai murabba'in mita 20, a shekarar da aka sami ruwa milimita 900, zai zubar da lita 18,000, wato duro 90 masu cin lita 200. A sa mazurari a bakin kwano ya kai ruwan cikin duro mai murfi, ragowar kuma a yi masa hanya zuwa kwata. Wanda ya sakar wa bangon maƙwabcinsa wannan ruwa ya sayi rigima da kuɗinsa.

Kowace shekara a watan Afrilu, kafin hadarin farko, a hau a duba ƙusoshin da suka ɗago, a ƙwanƙwasa katakai a ji ko gara ta cinye cikinsu.

7.0 Abin Lura ga Ɗalibin Harshe

Wannan aiki ya tona mini wasu kurakurai da mu masu Hausa a matsayin harshe na biyu muke yi.

Jinsi: a Mubi za ka ji ana cewa "rumfan mota". A daidaitacciyar Hausa rumfa mace ce, don haka rumfar mota, ƙusar kwano, azarar giginya. Amma kwanon rufi da katakon rumfa, domin su maza ne.

Baƙaƙe masu lanƙwasa: ƙusa dabam, kusa dabam. Baƙin mai dabam, bakin mai dabam. Na taɓa cewa wani mai shago Bakano "ina son kusa", ya ce in matso.

Tsawon wasali da karin sauti: gara mai cin katako wasalinta na farko gajere ne, garar amarya kuwa dogo ne, haka ma gara ta zaɓi, kamar a "gara yau da gobe". Rubutu ɗaya, ma'ana uku.

Kalma mai ma'ana da yawa: kwanon abinci, kwanon awo, kwanon rufi. Jimla ce ke fayyace wanda ake nufi.

Ajin aikatau: bisa rabon Parsons (1960), ɗaura da rufa 'yan aji na ɗaya ne, ɗaure da rufe 'yan aji na huɗu. Aji na huɗu yana nuna aiki ya game abin duka. Ana ɗaura langa-langa a kan katako, amma ana ɗaure katako da langa-langa. Rumfarmu ta farko ɗora mata kwano muka yi, ba mu ɗaure shi ba.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta kawo matakan kafa rumfar mota, tun daga zaɓen fuska har zuwa kariya daga ruwa da gara, tare da kalmomin da suka shafi aikin. Rumfarmu ta biyu ta ci mana mako biyu da kuɗin da ya kusa ninka na farko, amma ta ga damina ba ta motsa ba. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, in an tafi hutu a ɗauki littafi da biro a zauna wurin magini ko kafinta ko mai saƙar zana. A rubuta kalma goma da ba a taɓa ji ba, a nemo jinsin kowace da jam'inta, a duba ko tana cikin ƙamusun Bargery na 1934 ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Wadda ba a samu ba, a kawo ta aji a tattauna.