Ɗauka Daban, Ja Daban: Darasi a Kan Manyan Motocin A-kori-kura

Ya ku ɗalibai, duk wanda ya tashi a karkara ya san jaki yakan ja kaya a amalanke fiye da abin da zai iya ɗauka a gadon bayansa. Haka abin yake ga mota. Nauyin da za ta iya ɗauka daban, wanda za ta iya ja a tirela daban, kuma direban da ya haɗa su ya mai da su abu ɗaya yana wasa da rayukan mutane.

A nahiyar Amurka ta Arewa ake ƙera manyan a-kori-kura irin su Ford F-350, da Ram 3500, da Chevrolet Silverado 3500HD. Manoma da magina suna cikin masu sayensu. A shekarar 2023 kamfanin Ford ya ce mafi ƙarfin F-350 tana ɗaukar laba 8,000, wato kimanin kilo 3,600, ita kuwa F-450 tana jan laba 40,000, wato sama da tan 18. Ku gwada wannan da Toyota Hilux da muka saba gani, wadda abin da take ɗauka bai wuce kamar tan ɗaya ba.

To, yaya ake gane abin da mota za ta ɗauka? A jikin dogaran ƙofar direba akwai 'yar takarda da kamfani ya manna. A kanta za ku ga harufan GVWR da lamba a gabansu. Wannan lamba ita ce iyakar nauyin motar gaba ɗaya: ita kanta, da mutanen da ke ciki, da kaya. In aka debe nauyin motar tana wofi, abin da ya rage shi ne abin da za ta ɗauka.

Ƙarfin ja kuwa gwada shi ake yi. Ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ta tsara ƙa'ida mai suna J2807. A cikin gwajin, mota takan hau tudun da ke kusa da madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona, tafiyar kilomita 18, da tirela cike da kaya, cikin zafin da ya kai digiri 38, na'urar sanyaya mota kuma a kunne.

Ga inda mutane da yawa ke tuntuɓe. Tirela ba a kan tayoyinta kaɗai take tsayawa ba, goshinta yana danne motar. In a bayan mota aka ɗaura ta, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta ke sauka a kan motar. In kuwa a tsakiyar bodi aka kafa maɗaurin, yakan kai kashi 15 zuwa 25. Wannan nauyi cikin kayan ɗauka ake lissafa shi.

Mu ɗauki misali. A ce iyakar nauyin mota kilo 6,350 ne, ita kanta kuma kilo 3,600. Saura 2,750. Mutum biyar suka shiga, kowa kilo 70, an ci 350. Ƙarfen maɗauri ya ci 100. Aka ɗaura tirela mai kilo 10,000, kashi 20 nata ya sauka a bodi, wato 2,000. Me ya rage? Kilo 300 kacal, buhu shida na siminti. Injin bai gaji ba, amma buhu na bakwai ya ƙetare iyaka.

Idan aka ƙetare iyakar, bayan mota ya zauna, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya daina jin magana. Tayoyi su yi zafi har su fashe. A gangare birki ya ɗau zafi ya ƙi kamawa. In kuma aka tura kayan can ƙarshen tirela don a sauƙaƙa wa motar, sai tirelar ta riƙa lilo hagu da dama har ta kifar da motar.

Wannan lissafi bai tsaya ga motocin Amurka ba. A-kori-kurar da ke kai buhunan masara kasuwa, da mutane zaune a kan buhunan, ita ma tana da tata iyakar a rubuce. Waɗansunku za su zama direbobi, ko makanikai, ko masu motocin haya. Kafin ku ɗora kaya, ku buɗe ƙofa ku karanta takardar nan, ku yi debewa.

Aikin gida: a misalinmu na sama, in mutum biyu ne kawai a motar, buhun siminti nawa za ta iya ɗauka?