Tiranzisto biyu, ɗaya bisa ɗaya

A Geskeru, bakin kogin Komadugu, manoman tattasai suna jawo ruwa da inji. Ruwan yana bin magudana zuwa fangulla. Manomi yakan tare magudanar da ƙasa, ya bar ƴar ƙofa. In fangalin da ke gaba ya cika, ruwan ƙofar yakan rage gudu. In aka buɗe busasshen fangali, sai ruwan ya zubo da ƙarfi, har ya kwantar da dashe. Ƙofar tana nan yadda take. Abin da ke gabanta ne ya canza.

Wutar lantarki ma tana da irin wannan hali. A cikin rediyo da wayar salula akwai wata ƴar ƙofar wuta, sunanta tiranzisto. An ƙago shi a Amurka a 1947. Yana da ƙafa uku: baz, emeter da kolekter. Ƴar wutar da aka ba baz ita ce ke ƙayyade wadda za ta bi ta kolekter. Abin da wutar kolekter ke yi wa aiki, kamar ƙaramar fitila, shi ake kira kaya.

Idan kaya ya canza, ƙarfin turin wuta a kolekter yakan canza. Wannan ƙarfin da volt ake auna shi. Sai wutar da ke gudana ta ɗan ƙaru ko ta ragu. Wani masani, James Early, ya bayyana dalilin haka a 1952. Canjin kaɗan ne, amma ya isa ya sa na'urar awo ta yi ƙarya.

Maganin shi ne a ɗora tiranzisto na biyu bisa na farko, a haɗa emeter na sama da kolekter na ƙasa. Wannan haɗin ake kira kaskod. Sunan ya fito tun 1939, zamanin rediyo mai kwalabe, kafin a san tiranzisto.

Ga yadda yake aiki. A tsayar da baz na sama a volt 3. Emeter ɗinsa kullum yana ƙasa da baz da wajen volt 0,7, wato yana volt 2,3. To, nan ne kolekter na ƙasa yake. Ko kaya ya yi nauyi, ko ya yi sauƙi, na sama ne ke shan wahalar. Na ƙasa volt 2,3 kawai yake gani, saboda haka wutarsa ba ta motsi sai kaɗan ƙwarai. Kamar a haƙa ɗan gurbi bayan ƙofar farko ne, a sa yaro ya tsare ƙofa ta biyu. Yana buɗewa yana ragewa, don kada ruwan gurbin ya hau ko ya sauka.

Amma dabarar ba kyauta ba ce. Tiranzisto biyu sun fi ɗaya cin volt. In pil ya yi sanyi sosai, na sama ba ya iya tsaron, sai wuta ta koma bin kaya.

Tambayoyi
1. Me ake kira kaya?
2. In baz na sama yana volt 5, volt nawa kolekter na ƙasa zai gani?