Darasin Turanci: Mu fara neman kalmar lokaci

Iyaye da ɗalibai, a Hausa mukan ce "na zo", "zan zo", kalmar "zo" ba ta sauya ba. A Turanci kuwa aikatau kansa ke sauyawa, nan yaranmu ke asarar maki a jarrabawa.

Kafin mu zaɓi amsa, mu duba kalmar da ke nuna lokaci. In akwai "yesterday", "ago" ko "in 2015", abin ya wuce: "We came in 2015." In akwai "since", abin yana nan har yau: "We have lived here since 2015."

Mu kula ko wajen cike fom: "I lived there" na nufin mun bar wurin.

Gwaji: "She ___ here since Monday." "Was" ko "has been"? Amsa: "has been".